Tambayoyi da Amsoshi Kan Ferrari 250 GTO Mai Lamba 3413GT: Hannayen da Ta Ratsa Daga 1962 Zuwa 2018

Ranar 25 ga Agustan 2018, a garin Monterey da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da wata tsohuwar jar mota 'yar Italiya a kan dala 48,405,000. Kafin wannan rana ba a taɓa yin gwanjon mota a bainar jama'a ta kai wannan kuɗi ba. Motar kujera biyu ce kacal, ba rediyo, ba na'urar sanyi, shekarunta 56 da ƙerawa. Duk wanda ya ji labarin sai ya ce, to me aka saya haka? Yawancin amsar tana cikin jerin mutanen da motar ta bi ta hannunsu, da takardun da ke nuna jerin bai taɓa yankewa ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace irin mota ce ita 250 GTO ɗin?

Motar tsere ce da kamfanin Ferrari na garin Maranello ya ƙera tsakanin 1962 da 1964. Injinta silinda 12 ne, lita uku, da kafireto shida ƙirar Weber jere a kansa, yana ba da ƙarfin doki wajen 300. Giya biyar gare ta, kuma tana kaiwa wajen kilomita 280 a awa. Lambar 250 girman kowace silinda ce a ma'aunin cc, GTO kuma taƙaitawar Gran Turismo Omologato, wato motar doguwar tafiya da hukumar tsere ta yarje mata shiga gasa.

Injiniya Giotto Bizzarrini ne ya fara aikinta. A ƙarshen 1961 rigima ta tashi a kamfanin, mai kamfanin, Enzo Ferrari, ya rabu da manyan ma'aikatansa da dama har da shi Bizzarrinin, sai aikin ya faɗa hannun wani matashi, Mauro Forghieri, wanda ko shekara 30 bai cika ba. Bodin kuwa a shagon Sergio Scaglietti da ke Modena aka yi shi, inda maƙera ke bubbuga fallayen alminiyam da guduma har su ɗauki siffa. Shi ya sa ba ka samun guda biyu da suka yi daidai da juna tak. Wata ramukan iskar gefenta biyu ne, wata uku, wata hancinta ya ɗan bambanta.

Ta ciyo wa Ferrari kambun duniya na kamfanoni a ajin GT, wato na motocin doguwar tafiya, shekara uku a jere: 1962, 1963 da 1964.

Guda nawa aka ƙera? Wasu na cewa 36, wasu 39.

Masu injin lita uku 36 ne. A ciki 33 sun fito da bodin farko na 1962 da 1963, uku kuma da sabon bodin 1964. Masu cewa 39 suna haɗawa ne da wasu uku da aka sa wa injin lita huɗu. Abin mamaki, duk 36 ɗin suna nan har yau, duk da dukan da suka sha a fagen tsere.

Dokar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ta wancan lokaci ta ce sai an ƙera mota 100 kafin a yarda samfuri ya shiga ajin GT. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa Enzo ya riƙa tsallake lambobi ne yana yawo da hankalin masu bincike. Labarin yana da daɗi, amma bayanin da ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne dokar ta ba da damar a canza bodi da wasu sassa na motar da aka riga aka amince da ita. Ferrari ya gabatar da GTO a matsayin gyararriyar tsohuwar motarsa 250 GT SWB, wadda tuni ta cika sharaɗin, hukumar kuma ta karɓa.

Mene ne 3413GT?

Lambar shasi ce, wadda aka buga a jikin ƙarfen da motar ke zaune a kai. A duniyar masu tara irin waɗannan motoci, wannan lamba ita ce sunan mota. Ba a cewa "jar GTO ɗin wane", domin fenti yana canzawa, mai ita ma yana canzawa. Cewa ake 3413, kowa ya gane. Ita ce ta uku da aka ƙera, bayan 3223GT da 3387GT. Giɓin da ke tsakanin lambobin ya samo asali ne daga cewa sauran motocin titi na kamfanin ma daga jeri ɗaya suke ɗaukar tasu lambar.

Wa ya fara mallakarta?

Kafin a sayar da ita, kamfanin da kansa ya yi amfani da ita. Phil Hill, Ba'amurken da ya ci kambun duniya na Formula 1 a 1961, da ita ya zagaya hanyar Targa Florio a tsibirin Sisili yana nazarinta gabanin gasar 1962.

Daga nan ta tafi hannun Edoardo Lualdi-Gabardi, ɗan kasuwa daga arewacin Italiya wanda ya shahara a tseren hawan dutse. A irin wannan tsere ba a sakin motoci tare. Kowa shi kaɗai zai hau hanyar tsauni mai kwana-kwana, agogo ne alƙali. A 1962 ya shiga gasa goma da ita, ya ci tara a ajinsa, ya zo na biyu a ɗaya, ya ɗauki kambun GT na ƙasar Italiya. Shekara na zagayowa ya sayi wata GTO, ya sayar da wannan. Haka 'yan tsere ke yi: motar bara ta tsufa.

Duk mai kuɗi zai iya shiga ya saya a lokacin?

A'a. A Amurka kuɗinta dala 18,000 ne, kuɗi mai yawa a 1962, amma kuɗin kaɗai ba ya isa. Sai Enzo Ferrari ya amince da mutum, a Amurka kuma sai dillalinsa Luigi Chinetti ya sa baki. Dalilin a fili yake. Makin da ake tarawa a ci kambun kamfanoni, direbobi masu zaman kansu ne ke kawo da yawa daga cikinsa, don haka motar da ta faɗa hannun wanda zai ajiye ta yana kallo asara ce ga kamfanin. Wannan tacewa ta farko ita ta sa kusan kowace GTO ta fara rayuwarta da suna mai nauyi a takardarta.

Da gaske ne mai gwala-gwalan Bulgari ya taɓa riƙe ta?

Gaskiya ne. Gianni Bulgari, ɗan gidan masu kayan ado na birnin Rum, shi ya saye ta a 1963. Kuma ba don ado ya saya ba. Ya shiga Targa Florio da ita tare da Maurizio Grana, suka zo na huɗu a jimilla, na ɗaya a ajinsu.

Sai mutum ya san mece ce Targa Florio zai gane nauyin wannan. Ba filin tsere ba ne da aka killace. Hanyar jama'a ce a tsaunukan Madonie, zagaye ɗaya kilomita 72, a lokacin ana yin goma, ana ratsa ƙauyuka ta tsakanin gidaje, mutane na tsaye a bakin ƙofa, ga rami a gefe ɗaya ga katangar dutse a ɗaya gefen. Motoci da yawa ba sa gamawa. Wannan ta gama, kuma ta sake komawa.

Sai wa kuma?

Sai Corrado Ferlaino, matashin injiniya mai harkar gine-gine daga birnin Napoli. Masu bin ƙwallon Italiya za su gane sunan: shi ne ya zama shugaban kulob ɗin Napoli a 1969, shi ya ɗauko Maradona daga Barcelona a 1984, a zamaninsa kulob ɗin ya ci kofin gasar Serie A ta Italiya a 1987 da 1990. Ba su sake ɗaga shi ba sai 2023, shekarar da Victor Osimhen ya fi kowa zura ƙwallo. To, kafin duk wannan, Ferlaino ɗan tsere ne. A Targa Florio ta 1964, shi da Luigi Taramazzo suka zo na biyar da 3413GT, suka sake cin ajinsu.

A hannunsa ne kuma aka yi wa motar babban canjin da ya bambanta ta da yawancin 'yan uwanta: aka cire mata bodin farko aka sa mata na 1964.

To ai shi ke nan, an canza mata bodi. Ba ta zama jabu ba?

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma a nan ne mutum zai fahimci yadda masu wannan harka ke tunani.

A 1964 Ferrari ya so ya shigar da sabuwar motarsa 250 LM, mai injin a bayan direba, cikin ajin GT. Wannan karon FIA ta ƙi, ta ce ba yadda za a ce wannan gyaran tsohuwar mota ce. Dole kamfanin ya koma kan GTO, ya yi mata sabon bodi mai faɗi, mai gajarta, wanda rufinsa ya ɗauko kamannin LM ɗin. Aka ƙera sababbi uku da shi, aka kuma dawo da tsofaffi huɗu aka sauya musu. 3413GT na cikin huɗun nan. Ke nan motoci bakwai ne kacal ke da wannan siffa tun a zamanin.

Abin da ake dubawa uku ne: wa ya yi canjin, yaushe, kuma don me. A nan Scaglietti ne ya yi, shagon da ya yi na farkon. An yi shi a 1964, lokacin da motar ke tsakiyar aikinta. An yi shi ne don ta ci gaba da tsere, kuma da sabon bodin ta ci ajinta a Sisili. Don haka canjin ya zama wani babi na tarihinta. Da a ce wani gareji ne ya yi mata wannan aiki a 1995, da magana ta sha bamban ƙwarai.

Duk da haka ba za a ɓoye ba, masu saye da yawa sun fi son siffar farko mai dogon hanci da ramuka uku a goshi, wadda ita ce ke zuwa wa mutane a rai idan an ce GTO. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa kuɗinta ya tsaya kusa da ƙasan ƙiyasin da masu gwanjon suka yi, na dala miliyan 45 zuwa 60.

Yaya aka yi ta bar Italiya?

Bayan Ferlaino ta tsallaka Ingila ta hannun dillali Dan Margulies, direban Birtaniya David Piper kuma ya yi tsere da ita a filin tsere na Brands Hatch a 1965. A nan rayuwarta ta gasa ta zo ƙarshe. Ta shiga gasa wajen 20 ba tare da ta taɓa kasa kaiwa ƙarshe ba, kuma ba ta yi mummunan hatsari ba. A cikin motoci 36 ɗin nan, kaɗan ne za a faɗi haka a kansu.

Daga nan jerin masu ita ya koma na masu tara motoci. Akwai Jack Le Fort, akwai Neil Corner, akwai Anthony Bamford na kamfanin JCB mai rawayen motocin haƙa, akwai Nigel Moores na gidan Littlewoods. Ta je Japan wurin Yoshiyuki Hayashi, ta dawo Turai wurin Lindsay Owen-Jones, wanda ya daɗe yana shugabantar kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal. A shekarar 2000 Greg Whitten, ɗaya daga cikin tsofaffin injiniyoyin manhaja na Microsoft, ya saye ta a kan dala miliyan 7.

Wai akwai lokacin da irin wannan mota ba ta da wata daraja?

Sosai ma. Daga 1965 zamaninta ya wuce. A shekarar motar Amurka Shelby Cobra Daytona ta ƙwace kambun GT, motoci masu injin a baya suka mamaye fage. Tsohuwar motar tsere kuwa ba ta da daɗin hawa a gari: ƙara, zafi, ba wurin kaya, kayan gyara sai an aika Italiya. Da 'yan dubban daloli ake sayenta.

Labarin 3589GT ya ishi misali. Wani attajirin Texas mai ƙungiyar tsere, Tom O'Connor, ya ba da ita kyauta ga wata makarantar sakandare a garin Victoria, ɗalibai masu koyon kanikanci suka riƙa koyon aiki a kanta, ana fita da ita fareti. A 1972 makarantar ta sayar da ita dala 6,500 ga wani mutumin Ohio, shi kuma ya ɗora ta kan tirela ya bar ta a fili, rana ta doke ta, ruwa ya doke ta, ciyawa ta tsiro kewaye da ita, har wajen shekara 14. A 1988 wannan motar dai ta wuce dala miliyan 4.

Nick Mason, makaɗin gangar ƙungiyar Pink Floyd, ya sayi 3757GT a ƙarshen shekarun 1970 a kan abin da bai kai fam 40,000 ba, a lokacin ma ana ganin ya yi wauta.

To yaushe kuɗin ya tashi?

A hankali cikin shekarun 1970, sannan da gudu a shekarun 1980. Rasuwar Enzo Ferrari a watan Agustan 1988 ta zo daidai da lokacin da kuɗi ya yi yawa a hannun attajiran Japan, sai kasuwar ta haukace. A 1989 an sayar da 3909GT zuwa Japan a kan sama da dala miliyan 13. Da kasuwar ta faɗi, a 1994 motar nan ba ta kai miliyan 4 ba. Duk mai cewa kuɗin GTO ba ya sauka, bai san wannan ba.

Tashi na biyu ya fi na farko ƙarfi. A 2012 Craig McCaw ya sayi 3505GT, koriyar da aka ƙera domin shahararren direban Birtaniya Stirling Moss, a kan dala miliyan 35. Shi Moss bai taɓa yin tsere da ita ba, domin ya yi hatsarin da ya raba shi da gasa a Goodwood a watan Afrilun 1962, amma sunansa na manne da ita, kuma Innes Ireland ya ci gasar Tourist Trophy da ita a shekarar.

Shi Whitten ajiye ta ya yi a ɗaki shekara 18?

A'a, tuƙa ta ya riƙa yi, har da shiga gasar tsofaffin motoci. Masu GTO da yawa haka suke. Suna da wani taro da suke yi duk bayan shekara biyar, su jera motocin su yi kwanaki suna zagaya hanyoyin karkara a Faransa ko Italiya ko Amurka, kuma ba a shiga sai da motar. Wasu na cewa rabin kuɗin GTO kuɗin shiga wannan da'ira ne. Ban ga laifin wannan magana ba.

Wata dabara da masu irin waɗannan motoci ke yi ita ce su cire injin asali su adana shi, su sa wani makamancinsa su riƙa gudu da shi. Idan na aro ya fashe an yi asarar kuɗi. Idan na asali ya fashe an yi asarar abin da kuɗi ba ya mayarwa.

Yaya gwanjon 2018 ɗin ya kasance?

Derek Bell, wanda ya ci tseren awa 24 na Le Mans sau biyar, shi ya tuƙo ta zuwa kan dandamali. An buɗe taya da dala miliyan 35, masu tayawa ta waya suka yi ta ja, aka buga guduma a miliyan 44. Ragowar dala 4,405,000 la'adar kamfanin gwanjo ce da mai saye ke biya a kai. Kamfanin bai sanar da sunan wanda ya saya ba, wanda haka al'adar take.

A wurinmu an fi son mota mai hannu ɗaya. Wannan da ta bi hannu sama da goma, ba ta rage daraja ba?

Idan ka je wurin dillalan mota a Kano ko Kaduna, abin da za a fara yi maka talla da shi shi ne hannu ɗaya ce, ba a taɓa buɗe injin ba, fentin kamfani ne. Dalili shi ne kowane hannu na iya ɓoye wata ɓarna. A can ma tsoron ɗaya ne, sai dai maganinsa daban. Ba yawan hannayen ake ƙirgawa ba, ana duba ko an san kowane hannu. Mota mai masu ita goma sha biyu da aka san sunan kowa, da shekarar da ya karɓa da wadda ya bayar, ta fi mai masu ita uku da ta ɓace shekara takwas ba wanda ya san inda take. A cikin irin wannan giɓi ne ake canza shasi, ake raba mota ɗaya gida biyu, har a wayi gari motoci biyu na da'awar lamba ɗaya. Wannan ya sha faruwa da tsofaffin motocin tsere na kamfanoni daban-daban, kuma ƙarshensa kotu.

Amma daɗewa a hannu ɗaya ma tana da nata farashin, kamar yadda 3851GT ta nuna.

Mene ne labarin ita 3851GT ɗin?

Kusan kishiyar 3413GT ce ta kowace fuska. Direban Faransa Jo Schlesser ne ya saye ta sabuwa a 1962, suna tuƙawa tare da Henri Oreiller, wanda ya ci lambobin zinariya biyu a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a Olamfik na 1948 a St. Moritz. Sun zo na biyu a gasar motoci ta Tour de France. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Oktoban 1962, Oreiller ya yi hatsari da ita a filin Montlhéry kusa da Paris, ya rasu. Motar ta yi kaca-kaca.

Aka mayar da ita kamfani aka sake gina ta. Paolo Colombo ya yi tseren hawan dutse da ita, sannan Ernesto Prinoth. A 1965 wani matashi ɗan birnin Rum, Fabrizio Violati, wanda gidansu ke harkar ruwan kwalba, ya saye ta a kan lira miliyan biyu da rabi, wajen dala 4,000. Ya sha ba da labarin cewa ɓoye ta ya yi wa iyayensa, sai dare ya yi yake fitowa da ita. Bai rabu da ita ba har ya rasu a 2010, tana cikin gidan adana motocinsa na Maranello Rosso a San Marino. Ranar 14 ga Agustan 2014 kamfanin Bonhams ya yi gwanjonta a Kalifoniya a kan dala 38,115,000, wanda shi ne kuɗi mafi yawa da aka taɓa biya a gwanjon mota a duniya kafin 3413GT ta zo ta wuce shi.

Ga mota da ta yi hatsarin da ya ci rai, aka sake gina ta, amma ta kafa tarihi. Abin da ya tsaya mata shi ne kamfanin da ya haife ta ne ya gyara ta, a zamaninta, an rubuta, sannan ta yi shekara 49 a gida ɗaya inda kowa ya san tana nan.

Ta yaya ake tabbatar da duk wannan tarihi?

Da farko akwai takardun kamfani, waɗanda ke ɗauke da lambar shasi, lambar inji, lambar akwatin giya, lambar gatarin baya, launin fenti da ranar fita. Sai rajistar motoci ta Italiya, wadda ke rubuta duk canjin mai mota da kwanan wata. Sai jerin sunayen masu shiga gasa da sakamakonsu. Sai hotuna, waɗanda a nan suke da matuƙar amfani: tun da hannu aka yi bodin, masana na iya gane mota a hoton 1963 daga wurin da aka kafa wata ƙusa ko yadda bakin wani rami ya karkata. Akwai masana irin su Marcel Massini na Suwizalan da suka shafe rayuwarsu suna tara fayil a kan kowace lamba.

Tun 2006 kuma kamfanin yana da sashen Ferrari Classiche, inda ake kai mota a duba lambobinta da ƙarfenta a gwada da takardun asali, a ba ta shaida cikin wani jan kundi. Ba kowa ne ke son wannan tsari ba, domin kamfanin da ke ba da shaidar shi ne kuma ke sayar da aikin gyara, amma kasuwa ta riga ta karɓe shi.

Wai har kotu aka je a kan akwatin giya?

An je, a Landan. A 2017 wani lauya Ba'amurke, Bernard Carl, ya sayar da 3387GT ga dillalin Birtaniya Gregor Fisken a kan dala miliyan 44. Ita ce GTO ta biyu, wadda Phil Hill da Olivier Gendebien suka zo na biyu da ita a Sebring a 1962, fitowar samfurin ta farko a gasa. Matsalar ita ce akwatin giyarta na asali ba ya jikinta, yana hannun wani a Amurka, kuma yarjejeniyar ta tanadi yadda za a nemo shi. Da aka samo shi sai gardama ta tashi kan wa zai ɗauko, a ina za a duba shi, da ko akwai ƙarin dala 500,000 da za a biya. A 2020 babbar kotu ta umarci a miƙa wa Fisken akwatin, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2021.

Motar tana da wani akwatin giyar da ke aiki lafiya lau. Shari'ar shekaru aka yi a kan wanda ke ɗauke da lambar da ta dace da takardar 1962.

Har yanzu 3413GT ce mafi tsada?

A'a. Tun kafin gwanjonta ma, a watan Yunin 2018, rahotanni sun ce David MacNeil, mai kamfanin WeatherTech, ya sayi 4153GT a cinikin sirri kan wajen dala miliyan 70. Ita ce mai ruwan azurfa da rawayen layi, wadda Lucien Bianchi da Georges Berger suka ci Tour de France ta 1964 da ita. A gwanjo kuwa, a watan Nuwamban 2023 an sayar da 3765LM a New York kan dala miliyan 51.7, bayan ta yi shekara 38 a hannun Jim Jaeger na Ohio. Ita ta fara ne da injin lita huɗu, kuma ƙungiyar tseren kamfanin da kanta ta shiga gasa da ita a Nürburgring da Le Mans a 1962.

Idan aka fita daga Italiya, Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut ta 1955 ta yi musu fintinkau duka: yuro miliyan 135 a watan Mayun 2022.

GTO ta taɓa taka ƙasar Afirka?

Ta taka, kuma ta ci. David Piper, wanda ya tuƙa 3413GT a Brands Hatch, ya ci tseren awa tara na Kyalami a Afirka ta Kudu da tasa GTO ɗin a 1962 tare da Bruce Johnstone, ya maimaita a 1963 tare da Tony Maggs. Direbobin Beljiyam ma sun riƙa kai nasu Luanda domin gasar Angola, tun ƙasar na ƙarƙashin Portugal.

Tun da an san siffarta da injinta, me zai hana a ƙera sabuwa sak?

Ana yi. Akwai na arha da ake ɗora bodin roba a kan Datsun 240Z. Akwai kuma masu tsada da ake samo tsohuwar Ferrari 250 GTE ko 330 GT mai kujera huɗu, a yanke shasinta a gajarta, a bubbuga mata bodin alminiyam. Ta haka aka hallaka motoci masu yawa da su ma yau ake nemansu ruwa a jallo. Mai kyau daga cikin waɗannan kwaikwayo tana iya yin gudu daidai da ta asali, ƙararta ɗaya, kuma daga nesa ba mai bambancewa. Kuɗinta ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin ta gaske, domin lambar da ke jikin shasinta ta wata mota ce, kuma babu hotonta a Sisili a 1963.

Kamfanin Ferrari ya yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa ta hanyar shari'a. A 2019 wata kotu a Bologna ta yanke cewa 250 GTO aikin fasaha ne da ba a kwaikwayonsa ba izini. Sai dai a 2020 kamfanin Ares Design na Modena ya yi nasara a ofishin kare haƙƙin mallaka na Tarayyar Turai, inda aka soke rajistar siffar motar a ɓangaren motoci, bisa hujjar cewa Ferrari ya daɗe bai yi amfani da ita ba. Rajistar ta ci gaba da aiki a kan ƙananan motocin wasa da ake yi da siffarta.